BABI NA UKU: CEFANEN GIDA A BIRNIN KANO DAGA UDOJI ZUWA SAP, 1975–1993

3.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana yadda aikin ciyar da gida ya kasu a al'adar Bahaushe, wato awo da cefane suna wuyan maigida, girki da rabo kuwa suna hannun uwargida. Wannan babi zai duba yadda tsarin ya kaya a birnin Kano daga lokacin da kuɗin man fetur ya wadata zuwa lokacin da darajar Naira ta faɗi. Abin da ake son nunawa shi ne, a yayin da kuɗin cefane ya daina isa, mata ne suka cike giɓin da dabarun girki da kuma kuɗin sana'arsu.

3.2 Zamanin Wadata

A farkon 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji, haɗe da ariyas tun daga watan Afrilu na 1974. Kuɗin ya zo ne bayan farin da aka sha a 1972 zuwa 1974, lokacin da gero da dawa suka yi tsada, shinkafa da alkama na ƙasashen waje kuwa suka yi araha saboda ƙarfin Naira. Wannan ya sauya kwanon ma'aikaci. Shinkafa, wadda a da sai ranar salla ko biki ake ganinta a yawancin gidaje, ta zama abincin rana. Shayi da burodi suka fara ture koko da ƙosai da ɗumame a karin kumallo, tumatirin gwangwani da dunƙulen Maggi suka shiga miya tare da daddawa. Ma'aikaci kan sayi buhun shinkafa da garwar mai a ƙarshen wata ya ajiye, abin da ya rage masa kullum shi ne kuɗin nama da kayan miya. Sai dai ya kamata a lura cewa wannan wadata ta fi tsayawa ne a gidajen masu albashi da 'yan kasuwa. Gidan ɗan dako da na mai gyaran takalmi ba su rabu da tuwon dawa da miyar kuka ba.

3.3 Tsuke Bakin Aljihu

Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, sai gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982. A 1983 cutar bushiya ta kashe shanu masu yawa, ga kuma ƙarancin ruwan sama. A 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, sai da magidanta suka riƙa bin layi kafin su sami shinkafa da madara da sukari da sabulu a farashin gwamnati. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shinkafa da masara a watan Oktoba na 1985, ta ƙaddamar da shirin SAP a 1986, sa'an nan ta hana shigo da alkama daga Janairu na 1987.

Albashi shi ne ya fi nuna girman abin. Mafi ƙarancin albashi a 1981 Naira 125 ne, wanda a lokacin ya kai kimanin dala 200. A 1991 an mai da shi Naira 250, amma darajarsa kimanin dala 25 ce kawai. A 1993 dala ɗaya ta kai wajen Naira 22 a farashin hukuma. Maigidan da ya saba sayen buhu ya koma awon kwano, mai awon kwano ya koma gwangwani, mai kuwa aka riƙa sayensa a cokali a wurin mai tebur na bakin layi. Sayen ɗai-ɗai ya fi sari tsada, saboda haka wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biya. A wannan zamani ne aka riƙa yin raha da lissafin nan na 1-0-1 da 0-0-1, inda sifiri yake nufin lokacin da ba a ɗora tukunya ba.

3.4 Dabarun Uwargida

Abu na farko da ya fita daga tukunya shi ne nama. Ganda da ƙashi da busasshen kifi suka maye gurbinsa, a wasu gidajen kuma daddawa kaɗai ke ba miya ɗanɗano. Ita kanta daddawar ta sauya, domin an riƙa yin ta da waken suya a madadin kalwa, wadda ta yi tsada. Waken suya ya kuma ba da awara. Ana jiƙa shi, a markaɗa, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse, a yanka, a soya. Yara suka karɓe ta, iyaye mata kuma suka sami abin sa wa a baki mai kama da nama a kan kuɗi kaɗan.

Shinkafa ba ta bar gidaje ba, domin baki ya riga ya saba, sai dai an koma ta gida mai tsakuwa, wadda sai an rege kafin a dafa. An kuma rage mata tsada ta hanyar raba ta da miya. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ba ya bukatar tumatir ko nama ko kuɗin markaɗe, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa, ga shi yana riƙe ciki. Haka ɗanwake da taliyar murji da dambu da faten tsaki da kwaɗon rama ko zogale da ƙuli-ƙuli. Yawancin waɗannan tsofaffin abinci ne da masu albashi suka yi wa kallon na talaka a zamanin Udoji, matsi ya dawo da su. Tuwon masara ma ya samu shiga sosai, domin noman masara ya bunƙasa a Arewa bayan ayyukan gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da aka fara a 1975.

Wajen kayan miya kuwa, lokaci aka riƙa bi. Da rani, sa'ad da tumatir da tattasai da attaruhu na noman Kadawa suka cika kasuwar 'Yankaba, mai hali kan sayi kwando a yanka a shanya ya zama kauɗa, a ajiye don damina lokacin da ɗanye ke gagarar talaka. Haka ake yi wa kuɓewa. Ba a zubar da komai: tuwon dare ya zama ɗumame, ƙanzo a jiƙa a kwaɗa, dusa a ba akuya ko a sayar.

A ganin mai wannan bincike, dabarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ciko. Tun a 1969 Polly Hill ta ja hankali ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, wanda ba ya fitowa a lissafin hukuma. A bisa shari'a da al'ada ribar wannan sana'a ta mace ce, ba ta da alhakin ciyar da kowa da ita. Amma idan maigida ya ajiye kuɗin da ba zai kai ba ya fita, uwargida ba ta iya kallon 'ya'yanta da yunwa, sai ta kwance bakin zanenta ta cika. Kuɗin adashi da a da ake tarawa don kwalla da tasa na kayan ɗakin 'ya mace, da yawansa ya tafi a gishiri da kananzir. Wasu matan suka riƙa dafa abincin sayarwa da yawa don gida ya ci daga ciki, uwar kuɗi ta dawo, gobe a sake. Da yake matar kulle ba ta fita, yara ne ke kai abincin bakin kasuwa da tasha. Yadda wannan talla ta shafi karatun 'ya'ya mata a unguwannin cikin birni shi ne abin da babi na huɗu zai duba.