Alƙaluman Ajami a Cikin Kwamfuta

Da yawa daga takardun cinikin gona, rabon gado da bashi da ke hannun jama'a a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa da ajami aka rubuta su, kuma lambobinsu su ne ٠ ١ ٢ ٣ ٤ ٥ ٦ ٧ ٨ ٩. Muna bayyana yadda kwamfuta ke karɓar waɗannan alƙaluma, domin amfanin ma'aikatan ƙananan hukumomi, dagatai da masu unguwanni.

Kwamfuta ba ta gane siffar harafi, lambar da aka ba shi take ajiyewa. Tsarin da duniya ta amince da shi wajen raba waɗannan lambobi shi ne Unicode, wanda ya fara fitowa a shekarar 1991. A cikinsa an ware wa alƙaluman Larabci gurbi goma, daga U+0660 zuwa U+0669. Wasu al'ummu sun daɗe suna jira: alƙaluman rubutun Pahawh na mutanen Hmong, wanda Shong Lue Yang ya ƙirƙiro a 1959, sai a 2014 suka shiga, na Adlam na Fulfulde kuwa a 2016.

Inda muka fi jan hankalin ma'aikata shi ne wajen kwafi. Biyar ta ajami (٥) ta yi kama da sifirin boko, shida (٦) ta yi kama da bakwai, sifiri kuwa ɗigo ne kawai (٠), wanda kan ɓace a tsohuwar takarda. Magatakardan da bai ƙware ba yana iya mayar da ٦٥ ta koma 70, alhali 65 ce, kuma irin wannan kuskure a kuɗin gona ya isa ya kai 'yan'uwa gaban alƙali. A kuma lura cewa ko da yake ajami daga dama ake karanta shi, lambobinsa daga hagu suke farawa, kamar na boko.

Akwai jeri na biyu a Unicode, daga U+06F0 zuwa U+06F9, na Farisanci da Urdu. Yawancinsa kamanninsa ɗaya da namu a ido, sai huɗu, biyar da shida da suka bambanta. Idan aka cakuɗa jerin biyu a rajista ɗaya, ana iya neman lamba a rasa ta alhali tana nan. Saboda haka a saita allon rubutu a kan Larabci.

Ramzi kuwa, wato ɓoye shekara cikin haruffa kamar yadda malamai ke yi a ƙarshen waƙa ko littafi, kwamfuta haruffa kawai take ɗaukar sa. Malamanmu hisabin Magariba suke bi, inda ش take 1000, س kuma 300. A hisabin Gabas ش 300 ce, غ ce 1000. Duk wanda ke shigar da irin wannan takarda ya nemi malami ya warware masa ramzin, sannan ya rubuta shekarar Hijira da alƙaluma a gefensa.