Darbejiya a Littattafan Ayurveda: Magani da Sharuɗɗansa

A shekarar 1981 mujallar likitanci ta Lancet ta buga rahoton wasu likitoci biyu da ke aiki a Malesiya, Sinniah da Baskaran, a kan yara ƙanana 13 da aka kawo asibiti bayan an ɗura musu man 'ya'yan darbejiya. Sa'o'i kaɗan da shan man sai amai, sai barci mai nauyi, sai numfashi sama-sama, wasu har da jijjiga. Iyayen ba su nufi yaran da sharri ba. Al'ada ce da ta taso daga kudancin Indiya, inda ake ba jariri ɗan wannan mai idan ya yi mura ko wani ƙaramin ciwo. Bishiyar da ta haifar da wannan ita ce dai wadda mutanen Indiya ke yi wa kirari da kantin maganin ƙauye, wadda kuma littattafan likitancinsu na gargajiya, wato Ayurveda, suka ambata a wurare masu yawa tun kimanin shekara dubu biyu da suka wuce.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, mafi darajar gadon da Ayurveda ta bari game da darbejiya shi ne sharuɗɗan da ta gindaya wa amfani da ita: wa za a ba, wane sashe na bishiyar, a haɗa da me, a wane yanayi, kuma yaushe za a dakata. Jerin cututtukan da aka ce tana warkarwa ya yaɗu ko'ina, har a jikin kwalaben da ake tallatawa a kasuwa da intanet. Sharuɗɗan kuwa an bar su a baya, alhali su ne ilimin.

Masanan Ayurveda suna kallon jikin ɗan Adam a matsayin mahaɗar abubuwa uku da suke kira dosha: vata, mai alaƙa da iska da motsi da bushewa, pitta, mai alaƙa da zafi da narkar da abinci, da kapha, mai alaƙa da danshi da nauyi da majina. Lafiya a wurinsu ita ce daidaiton ukun, ciwo kuma rinjayar ɗaya a kan saura. Suna sanin aikin magani ta ɗanɗanonsa, sun kuma kasa ɗanɗano gida shida: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri. Darbejiya, wadda suke kira nimba da harshen Sanskirit, tana sahun gaba a masu ɗaci, da ɗan bauri. Sun siffanta ta da sanyi da rashin nauyi da busarwa. Saboda haka suka ce tana kwantar da pitta da kapha, amma tana iya tayar da vata.

Wannan jumla ta ƙarshe ita ce mutane ke tsallakewa. Littafin Charaka Samhita, wanda shi ne ginshiƙin likitancin ciki a wannan fanni, ya yi bayanin amfanin ɗaci: yana buɗe cin abinci, yana maganin tsutsar ciki da ƙaiƙayi da zazzaɓi, yana busar da danshin da ya yi yawa. A wuri guda kuma ya yi gargaɗi cewa yawaita shi yana ƙafar da ruwan jiki da jini da tsoka da kitse da ɓargo da maniyyi, yana kawo rama da raunin jiki da jiri da bushewar baki. Ke nan tun asali ba a ɗauki darbejiya abin sha kullum don ƙarin lafiya ba. Ramamme da tsoho da wanda jinya ta cinye ba sa cikin waɗanda ta dace da su. Littafin ya kuma wajabta wa likita ya duba abubuwa goma a jikin majiyyaci kafin ya yanke masa magani, daga ciki akwai halittar jikinsa, da ƙarfin cin abincinsa, da juriyarsa ga aiki, da abin da jikinsa ya saba da shi, da shekarunsa. Likitan da ya bi wannan ƙa'ida ba zai yi wa jariri da ƙato kuɗin goro ba.

Idan aka bi wuraren da aka ambaci bishiyar, za a ga nauyin ya fi karkata ga fata da rauni da baki. Charaka ya sa ta cikin tsirrai goma masu maganin ƙaiƙayi. Cututtukan fata, waɗanda suka tara a ƙarƙashin suna kushtha suka kasa su gida 18, nan ne fagenta mafi girma: a niƙa ganye a shafa, a dafa sassaƙe a wanke wurin, a shafa mai. Sushruta Samhita, littafin masu fiɗa, ya umarci a turara raunin wanda aka yi wa aiki da hayaƙin ganyen darbejiya da ƙwayar mustad da gishiri da man shanu. Marubucin ya ce hakan na korar miyagun halittu da ba a gani, masu bin warin jini. Bayaninsa na zamaninsa ne, amma aikin da hayaƙin ke yi na hana ƙudaje da ƙwari sauka a kan buɗaɗɗen rauni ba ya buƙatar wannan bayani kafin ya tabbata. A babin tsabtar yau da kullum kuma littafin ya ƙayyade asuwaki: tsawon faɗin yatsu 12, kaurin ƙaramin yatsa, ɗanye, marar gaɓa, sannan ya ce a cikin itatuwa masu ɗaci darbejiya ce ta fi. Har yau ana sayar da ƙullin waɗannan asuwakai a tashoshin jirgin ƙasa da bakin kogi a Indiya.

Idan kuwa za a sha, ba kasafai ake ba da ita tsura ba. Sanannen haɗin nan da ake kira panchatikta ghrita tsirrai biyar ne masu ɗaci, darbejiya na cikinsu, ake dafawa a man shanu. Hikimar a tsarinsu ita ce maiƙon ya tare bushewar da ɗacin zai jawo, don kada a kashe wata wuta a kunna wata. Littafin Ashtanga Hridaya na Vagbhata, na wajen ƙarni na 7, yana da irin wannan haɗi da aka ƙara wa ƙaron guggulu domin cututtukan fata da na ƙashi da gaɓɓai. Akwai kuma garin panchanimba, wanda ya haɗa saiwa da sassaƙe da ganye da fure da 'ya'ya. Littafin Bhavaprakasha na Bhavamishra, a ƙarni na 16, ya bambanta aikin ganye da na 'ya'ya, bai ɗauke su abu guda ba. Ko a abinci ma akwai wannan taka-tsantsan: a bikin sabuwar shekara na Ugadi a jihohin Karnataka da Andhra Pradesh da Telangana, furen darbejiya kaɗan ake gaurayawa da mazarƙwaila a ɗanɗana, a farkon bazara, lokacin da Ayurveda ke cewa kapha na narkewa a jiki.

Mai karatu na iya cewa: to me ya sa za a girmama sharuɗɗan da aka gina a kan ra'in da kimiyya ba ta yarda da shi ba? Tambayar tana da ƙarfi. Babu wani gwaji da ya taɓa gano vata ko pitta a jini. Kushtha ta haɗa har da kuturta, kuma darbejiya ba ta warkar da kuturta. Haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980 ne ya karya lagon wannan cuta. Ganyen da ake ratayawa a ƙofar mai ciwon agana, ana kaɗa masa shi a jiki da sunan abar bautarsu Sitala a arewa ko Mariamman a kudu, yana iya rage ƙaiƙayi, amma allurar rigakafi ce ta kawar da agana daga doron ƙasa a 1980. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ra'i daban, lura daban. Mutanen da suka shafe ƙarnoni suna ba majiyyata abu ɗaya suna kallon sakamako za su san wanda ya amfana da wanda ya galabaita, ko da sun fassara abin da suka gani da harshen da ba namu ba. A ganina gargaɗinsu ya fi yabonsu cancantar a yarda da shi, domin mai magani ba ya samun riba idan ya ce maganinsa na da illa, sai dai idan ya gani da idonsa.

Binciken zamani ma kusan nan ya sauka. A 1942 masanin kimiyyar sinadarai Salimuzzaman Siddiqui ya tace nimbin da nimbinin da nimbidin daga man bishiyar. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar darbejiya. A 1968 Butterworth da Morgan na Jami'ar Keele a Ingila suka ware sinadarin azadirachtin daga 'ya'yanta, wanda ke hana ƙwaro ci da sake fata. Tsarinsa yana da sarƙaƙiya har sai da ayarin Steven Ley a Kambirij ya shafe shekara 22 kafin ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007. Ƙarfin bishiyar a kan ƙwari ba shi da tababa, kuma ya dace da abin da manoman Indiya suka daɗe suna yi na zuba busasshen ganye a rumbu da cikin tufafi.

A jikin mutum hujjar ta fi rauni. Wani rahoto na 1992 daga Indiya ya ce an shafa wa mutum 814 masu ƙazuwa kwaɓin darbejiya da kurkum, kashi 97 cikin ɗari suka warke cikin kwana 3 zuwa 15, amma ba a ware wani rukuni da za a kwatanta da shi ba. Gwaje-gwajen ruwan kurkure baki sun nuna raguwar dattin haƙora da kumburin dasashi, sai dai ƙanana ne kuma na gajeren lokaci. Game da ciwon suga, galibin shaidar daga ɓeraye take. Game da zazzaɓin cizon sauro, sinadarin gedunin yana kashe ƙwayar cutar a kwalbar gwaji, wanda hakan bai kai hujjar a bar maganin asibiti a kama jiƙon ganye ba. A ɗaya ɓangaren, man yana kashe ƙwayar maniyyi, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna yana hana ciki zama, har masu bincike a Indiya irin su G. P. Talwar suka yi ƙoƙarin mayar da shi maganin tazarar haihuwa. Duk wanda ya tuna gargaɗin Charaka a kan ɗaci da maniyyi ba zai yi mamaki ba.

Rikicin haƙƙin mallaka ya ƙara nuna muhimmancin rubutu. A 1994 ofishin ba da haƙƙin ƙirƙira na Turai ya ba Ma'aikatar Noma ta Amurka da kamfanin W. R. Grace haƙƙi a kan wata hanyar kashe funfunar amfanin gona da man darbejiya. Wasu 'yan fafutuka uku, Vandana Shiva da Magda Aelvoet da Linda Bullard, suka ƙalubalanci wannan haƙƙi, aka soke haƙƙin a 2000 bisa hujjar cewa an riga an san hanyar a Indiya, aka kuma yi watsi da ɗaukaka ƙara a 2005. A 2001 Indiya ta kafa rumbun kwamfuta na ilimin gargajiya, inda aka juya dubban haɗe-haɗen tsoffin littattafai zuwa harsunan da masu tantance haƙƙi ke karantawa.

Mu kuwa bishiyar ta zo mana ne ba tare da littafinta ba. Zamanin gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, aka kai ta Gana, a 1928 aka dasa ta a lardin Borno, kuma don inuwa da itacen girki da tare hamada aka kawo ta. Daga 1975 aka jera ta a kwarin Majiya a Nijar domin ta kare gero daga iska. Yau ko darbejiya aka ce, ko dogon yaro, ko maina, kowa ya san ta, alhazai ma suna fakewa a inuwarta a filin Arfa. Da yake 'yar dangin madaci ce, masu maganinmu ba su sha wahalar karɓar ta ba: aka sa ta a sirace da wanka da jiƙon zazzaɓi. Amma sanin da muka yi mata bai kai shekara ɗari ba, kuma kusan duk a baki yake, babu ma'auni. Kofin da wata uwa za ta ba yaro a Katsina ba shi ne na wata a Maraɗi ba, ganyen rani ba ƙarfinsa ɗaya da na damina ba.

Ba ina kira a kwaso Ayurveda a dasa a ƙasar Hausa ba ne. Tana da tushen addini da falsafa da ba namu ba. Abin ɗauka shi ne tambayoyin da take yi kafin ta ba da magani. Sassan harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna da ƙwarewar da za su zauna da masu maganin gargajiya su rubuta wane sashe ake amfani da shi, nawa, kwana nawa, da abin da ke biyo baya a hanta da ƙoda. Gwajin ƙazuwa na 1992 ma ana iya maimaita shi yadda ya kamata, da rukunin kwatanci, a makarantun kwana da tsangayu inda cutar ta fi yaɗuwa. Kafin a kai ga nan, abin da aka riga aka sani ya isa a faɗa wa ungozomomi da ma'aikatan asibitocin karkara: kada a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro man darbejiya, mai ciki da mai neman haihuwa su guji shan ta, kuma yaron da zazzaɓi ya kama a kai shi a gwada jininsa a ranar.