Asalin Ahura Mazda, Ubangijin Majusawa

Sunan Ahura Mazda, wanda mabiya addinin Zardasht, wato Majusawa, suke kiran abin bautarsu mafi girma da shi, haɗin kalmomi biyu ne na tsohon harshen Abesta: ahura, wato ubangiji, da mazda, wato hikima. Mafi daɗewar ambatonsa yana cikin Gata, waƙoƙi 17 da ake jingina wa Zardasht kansa, inda aka siffanta shi da mahaliccin asha, kalmar da ta ƙunshi gaskiya da daidaituwar halitta, wadda kishiyarta ita ce druj, wato ƙarya da ɓarna.

Sarakunan Farisa ne suka fito da shi daga bakin malamai zuwa fadar mulki. A jikin dutsen Behistun, wajajen shekarar 520 kafin haihuwar Annabi Isa, Dariyus na Ɗaya ya sa aka sassaƙa labarin yadda ya murƙushe masu tawaye, yana ta maimaita cewa da yardar Ahura Mazda ya hau karaga, su kuwa abokan gabansa ƙarya ce ta ruɗe su, lamarin da ya mayar da harshen ibada hujjar sarauta. Daga baya Artashasta na Biyu ya riƙa haɗa sunansa da na Mitra da Anahita, abin da ke nuna cewa fifikonsa bai kore sauran ababen girmamawa ba.

A zamanin daular Sasaniyawa, daga 224 zuwa 651, sunan ya taƙaita ya koma Ormazd, kuma malamai suka tsayar da aƙidar cewa yana cikin gwagwarmaya da Ahriman, tushen mugunta, har ranar da alheri zai yi rinjaye. A Nakshi Rustam an sassaƙa shi a kan doki yana miƙa wa Ardashir na Ɗaya zoben mulki, yayin da kan Ahriman ke ƙarƙashin kofaton dokin Ormazd. Wutar da ake kiyayewa a ɗakunan ibada, wadda ta sa baƙi suka ɗauki mabiya addinin a matsayin masu bautar wuta, a wurinsu alama ce ta haskensa da tsarkinsa.

Bayan faɗuwar daular a hannun Larabawa, wasu mabiyansa sun yi hijira zuwa Gujarat ta Indiya, inda jikokinsu, da ake kira Parsi, suke kiran sunansa har yau.