Bugun Ƙwallon Bango, Daga Katsina Zuwa Kudancin Kano

Malaman makaranta ne suka shigo da wasan fayis ƙasar Hausa, wato ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. A shekarun 1920 wani Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Katsina da Birnin Kebbi, ya zo da shi daga Ingila. Asalin wasan makarantar Eton ne, inda yara ke buga ƙwallo a wani lungu na jikin cocin makarantar. Da aka tashi gina wa wasan filaye a 1840 sai aka kwaikwayi lungun yadda yake. Shi ya sa har yau filin fayis ke da bango uku, da matakala guda da ta raba gaba da baya, da ɗan ginin da ya turo daga bangon hagu.

Ƙwallon Ingila ƙarama ce mai tauri, bangonmu kuwa a lokacin na ƙasa ne, sai ta riƙa ɓantarar ginin. Aka koma ƙwallon tanis. Masu ba da tarihin wasan sukan ambaci wannan su wuce, alhali nan ne bugunmu ya rabu da na Turawa. Ƙwallon tanis ta fi girma, ta fi tsalle, tana ba ka lokaci. Mai wasa da ƙwallo mai tauri dole ya rusuna ya ɗebo ta daga ƙasa. Namu yakan tare ta a daidai ƙirji ko sama da kai, ya dunƙufar da ita.

Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ce uwar abin. Ahmadu Bello, wato Sardauna, ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya kuma riƙe kyaftin na fayis. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, inda ta zama Barewa da muka sani. Ɗalibanta suka bazu makarantun midil na larduna suna koyarwa, kowa da wasan a hannunsa. Sardauna bai bar bugawa ba har yana Firimiya, kuma babban kofin wasan a Arewa sunansa yake ɗauke da shi.

Mu a hannun almajiran waɗancan malamai muka koya, a makarantar kwana, cikin shekarun 1970. Da na fara koyar da wasanni a yankinmu, tsakanin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada, na tarar malamai sun kasu biyu a kan yadda yaro zai bugi ƙwallo, musamman bugun buɗe wasa. Ga yadda yake: abokin hamayya ya jefa maka ƙwallo a hankali ta bugi bango ta dawo, kai kuma ka make ta da iya ƙarfinka ta doki bangon dama, ta doki na gaba, ta nufi gindin ginin nan na hagu inda ɗaukarta ke wuya. Kana da damar ƙin jifar da ba ta yi maka ba, a sake. Duk wasan, wanda ake ci a maki 12, a kan wannan bugu yake juyawa.

Tsofaffin malamai, 'yan gidan Katsina, suna cewa ka ba bango gefenka, ka tura ƙafar hagu gaba, ka jira ƙwallo ta sauko, nauyin jikinka ya tashi daga ƙafar baya ya zauna a ta gaba, wuyan hannu ya ƙarasa aikin. Kana ganin tsayuwarsu ka san sun taɓa kurket. "Kada ka bi ta, bari ta zo," ita ce maganar da muka fi ji a bakinsu. Sababbin malamai kuwa, waɗanda suka fito kwalejojin ilimi bayan shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976, suna cewa ka kafe ƙafa, ka murɗa ƙugu, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo ƙarshe. Aka yi ta gardama a ɗakin malamai. Yara su suka sha wahalar, don yau wannan ya gyara maka tsayuwa, gobe wancan ya rushe.

Ashe gardamar ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka masu koyar da besbol da sofbol sun daɗe a kanta: Ted Williams ya tsaya a kan cewa ƙugu ne ke jan hannu, Charley Lau kuma ya fi ba da ƙarfi ga tura nauyi daga baya zuwa gaba. A sofbol na mata tazarar mai jifa da mai bugu ƙafa 43 ce kacal, ƙwallo na isowa cikin ƙasa da rabin sakan, don haka babu sararin dogon ɗaga sanda. Yanzu da ake rage gudun bidiyo a waya, kowa na gani da idonsa cewa gwanaye duka biyun suke yi: su taka gaba kaɗan, ƙafar gaba ta tokare, sannan ƙugu ya juya. Haka gwanayen fayis ma suke, ko da bakinsu na faɗin wani abu dabam.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi a bakin bango, shi ne yaran karkararmu suna zuwa da rabin bugun a jikinsu. Yaron Tudun Wada ko Doguwa da ya tashi yana bugun shinkafa lokacin kaka ya san ƙarfi daga ƙafa yake tasowa ya bi ta ƙugu, ba wanda ya gaya masa. Idan ka tsayar da shi kana lissafa masa kusurwar gwiwar hannu, sai ka ga jikinsa ya ƙage, bugun da ya zo da shi ya ɓace. Abin da bai zo da shi ba guda biyu ne: haƙurin jiran ƙwallo, da hannun hagu.

Hagun nan ita ce babban aiki. Fayis ba shi da bugun bayan hannu irin na tanis. Ƙwallon da ta zo ta hagu, da hagu za ka mayar. Mu kuwa tun yaro na rarrafe ake kwaɓarsa idan ya miƙa hagu, kuma daidai ne a wajen ci da gaisuwa. Sai ya iso fili da hannu ɗaya mai wayo, ɗaya baƙo. Nakan sa ɗan shekara 10 ya saƙale dama a bayansa, ya tsaya taku uku daga bango, ya yi ta mayar da ƙwallo da hagu a hankali har sai ya daina kallon hannun ya koma kallon ƙwallo. Ƙarfi ba ya cikin darasin makonnin farko. Wanda ya fara da ƙarfi, kafaɗa yake koya wa bugu, kuma kafaɗar ce za ta dame shi kafin ya gama sakandare.

Wasan ya ja baya a wajenmu, kuma dalilan a fili suke. Ɗalibai sun yi yawa, makarantun jeka-ka-dawo sun maye gurbin na kwana, yamma kuwa, lokacin fayis, yaro yana gona ko kasuwa ko gidan kallon ƙwallon Turai. Fili ɗaya mutum huɗu yake ɗauka, malami kuma yana da aji mai yara fiye da yadda zai iya kira da suna. A 2021 matsalar satar ɗalibai ta sa gwamnatin Kano rufe wasu makarantun kwana na bayan gari, abin da ya ƙara yanke zaren. A Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Kaduna har yanzu ana bugawa, ana gasa.

Ina roƙon shugabannin makarantun yankinmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su duba wannan. Ba a buƙatar ciyawa, ba a buƙatar takalmi na musamman. Bangon aji mai filasta da daɓen siminti sun isa a fara koyon hagu da jiran ƙwallo, kafin a samu kuɗin gina cikakken fili. Waɗanda suka koya a hannun almajiran Katsina suna nan a garuruwanmu, yawancinsu sun yi ritaya, kuma za su zo idan aka kira su.