Kyamarorin da suka je duniyar wata

A watan Maris na 2014, gidan gwanjon WestLicht da ke birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ya sayar da wata tsohuwar kyamara ruwan azurfa, ƙirar Hasselblad, a kan Yuro 660,000, har da la'adar gidan. Mai sayen shi ne Terukazu Fujisawa, wanda ya kafa shagunan Yodobashi Camera a Japan. Abin da ya kai ta wannan farashi shi ne cewar da aka yi ɗan sama jannati Jim Irwin ya riƙe ta a kan doron wata a tafiyar Apollo 15, shekarar 1971.

Tushen zancen ya koma 1962. Wally Schirra, ɗan sama jannatin Amurka mai sha'awar ɗaukar hoto, ya sayi Hasselblad 500C a wani kanti a Houston. Injiniyoyin NASA suka ɗaye fatar da ke jikinta, suka cire madubin ciki don ta rage nauyi, suka shafe ta da baƙin fenti kada ƙyallinta ya ɓata hoto a tagar kumbo. Da ita ya kewaya duniya sau shida ran 3 ga Oktoba.

Kyamarorin da kamfanin Hasselblad na Suwidin ya ƙera domin sauka a wata sun fi wannan wahala. A wata babu iska, ga ƙuna da jaura masu tsanani, shi ya sa aka mai da su ruwan azurfa, aka ƙara wa madannansu girma saboda kaurin safar hannun 'yan sama jannati. A gaban fim kuma aka girka wani gilashi mai ƙananan alamomin giciye, don masana su auna nisa da girman abin da ke cikin hoto. Duk wanda ya duba hotunan Apollo da kyau zai gan su.

Wannan gilashi ne madogarar masu gwanjon Vienna: yana ɗauke da lamba 38, lambar da suka ce tana fitowa a hotunan Irwin. Masana tarihin sararin samaniya sun ja da su, musamman kan iƙirarin cewa ita kaɗai ce ta taɓa dawowa daga wata. A ganina gardamar ta fi gwanjon amfani, domin darajar irin wannan kaya duk tana rataye ne a kan shaidar tafiyar. In shaida ta yi rauni, abin da ya rage tsohon ƙarfe ne da gilashi.

Akwai kuma rigimar mallaka. A 2011 gwamnatin Amurka ta kai Edgar Mitchell na Apollo 14 ƙara saboda ya kai wata kyamarar ɗaukar hoto mai motsi gwanjo. Aka sasanta, kyamarar ta tafi gidan tarihin Smithsonian. A 2012 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mallaka wa 'yan sama jannatin wancan zamani irin waɗannan kayayyaki, ban da duwatsun wata.

Akasarin kyamarorin ba su dawo ba. Kumbo na buƙatar gurbin duwatsu, don haka sai a zare akwatin fim a bar gangar jikin a can. Guda goma sha biyu suna kwance cikin ƙurar wata, na ƙarshensu tun Disambar 1972.