Tarihin Hukuncin Tilastawa da Jabun Takarda a Dokokin Taimaka wa Majinyaci Ya Mutu

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta bi diddigin hukuncin da wasu ƙasashe suka tanada ga wanda ya tilasta wa majinyacin da aka fid da ran warkewarsa ya nemi mutuwa, ko ya yi jabun takardar neman. A Nijeriya da Togo babu dokar da ta yarda likita ya ba mutum maganin ƙarasa rayuwarsa, kuma Musulunci ya haramta hakan. Duk da haka, ɗalibin Hausa, a Kano yake ko a zangon Sokode, zai ƙaru da sanin yadda doka ke ƙoƙarin kare yardar mai rauni.

2.0 Matsayin Arewacin Nijeriya

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta samo tushe daga dokar Indiya ta 1860 ta hanyar Sudan. Sashe na 228 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya zuga wani ya kashe kansa. Idan kuwa mamacin yaro ne ƙasa da shekara 18, ko mai taɓin hankali, sashe na 227 ya tanadi kisa. Wato tun a lokacin an fahimci cewa gwargwadon raunin mutum, gwargwadon nauyin laifin wanda ya ingiza shi.

3.0 Dokar Oregon

A 1994 mutanen jihar Oregon ta Amurka suka zaɓi dokar da ta halatta wannan taimako, ta kuma fara aiki a 1997. Sharaɗi shi ne likitoci biyu su tabbatar majinyacin ba zai wuce wata shida ba, ya nema da bakinsa, sannan ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Ɗaya daga cikin shaidun dole ya kasance ba dangi ba ne, ba kuma magaji ba. Wanda ya yi jabun takardar, ko ya ɓoye shaidar cewa majinyacin ya janye buƙatarsa, ko ya matsa masa lamba, zai iya shan ɗaurin shekara 20.

4.0 Sauran Ƙasashe

Kanada a 2016 da jihar Biktoriya ta Ostareliya a 2017 sun sa ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba kan jabun takarda. A Ingila kuwa, shari'ar Likita Harold Shipman ta ƙara wa jama'a tsoro. Asirinsa ya tonu a 1998 bayan ya yi jabun wasiyyar wata tsohuwa da ya kashe, aka kuma same shi da laifin kisan mutum 15 a 2000. Ba neman mutuwa suka yi ba, amma lamarin ya nuna yadda takarda ke iya rufe ta'asa. Ƙudurin da Kim Leadbeater ta gabatar wa majalisar wakilan ƙasar a 2024 ya ƙunshi ɗaurin shekara 14 ga mai tilastawa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa waɗannan dokoki sun dogara ne kacokan a kan yardar majinyaci. Jabu yana barin sawu, domin ana iya gwada sa hannu. Tilastawa kuwa a ɗaka ake yin ta, da gorin kuɗin magani ko da ɗaure fuska, har mutum ya ga ya zama kaya. Ranar shari'a kuma, babban mai shaida yana kabari. Wannan ita ce matsalar da tsawon ɗauri bai warware ba.