Faɗuwar Birnin Ngazargamu a 1808: Tambayoyin da Suka Rage

A shekarar 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Ngazargamu, fadar Borno ta fiye da shekara 300, Mai Ahmad ya tsere. Har yau masana ba su daidaita a kan musabbabin faɗuwar ba. Shin raunin rundunar Mai ne, ko kuwa karyewar Galadima, mai tsaron yammacin daular daga Nguru, ita ta buɗe ƙofa? Wasiƙun Shehu al-Kanemi da Muhammadu Bello sun tattauna halaccin yaƙin ne, ba yadda aka gwabza ba. Saboda haka muna ba da shawarar a koyar da darasin a matsayin muhawara, ɗaliban Jajimaji da Gashuwa su auna ruwayoyin dattawansu da rubutattun hujjoji.